Malam Mai Musu, Matso Kusa Ga Dalma

Ai na san ku. Da zarar an ce wani a Ingila ya tsinci guntun dalma a cikin taɓo, masana kuma sun duba sun ce ya shekara 400, sai ku taɓe baki. "Kai, a raba mu da ƙanzon kurege! Yana nan aka zuba ta? Ko dalmar ce ta buɗe baki ta faɗa masa ranar sunanta?" Wani ma har ya ƙara gishiri, wai Bature ba ya rasa abin faɗi, ko tsohuwar ƙusa ya gani sai ya ce ta ƙofar Fir'auna ce. To Malam, gyara zama. Hajiya, ke ma kada ki tashi, ina ganin dariyar da kike yi ƙasa-ƙasa.

Bari in fara ba ku abin da kunnenku ke so. Gwajin kabon ɗin nan da kuke ji a rediyo ba ya aiki a kan dalma. Shi sai abin da ya taɓa rai: ƙashi, itace, gawayi, fata. Babu na'urar da za a jefa mata guntun dalma ta tofo takarda mai cewa shekara kaza. Kun ji daɗi ko? Ku riƙe murnar tukuna, domin masu aikin ba da na'ura suka fara ba, da ido da ma'auni suka fara.

A gaɓar Kogin Tems a Landan, in ruwa ya janye, cikin abubuwan da aka fi tsinta akwai hatimin yadi. Tun ƙarni na 14 dokar Ingila ta hana sayar da yadin ulu sai jami'in sarki ya duba shi, an biya haraji, sannan a maƙala masa hatimin dalma. Faifai biyu ne ƙanana da siririn wuya ya haɗa, ɗaya da ɗan ƙaho, ɗaya da huda. A lanƙwasa shi a bakin yadin, ƙahon ya ratsa ya shige hudar, a buga masa tambari ya kame. Masaƙi na sa nasa, marini na sa nasa, ɗan kasuwa ma haka. Alhaji, kai da kake Kantin Kwari, kana ɗaga turmin atamfa ka dubi takardar da ke manne a jiki ka ce wannan ta Holan ce, waccan kwaikwayo ce, alhali ko filin jirgin Holan ba ka taɓa takawa ba. Me ya sa naka ya zama gwaninta, nasu ya zama duba?

A jikin hatimin akwai kambi, akwai harafin farko na sunan sarki, akwai sunan yankin da aka saƙa yadin, wani sa'in da tsawonsa da nauyinsa, wasu ma har da shekara ɓaro-ɓaro. Harajin nan ya mutu a 1724, don haka duk hatimin jami'in awo da aka tsinta an san bai wuce wannan shekara ba. Mai faifai huɗu kuwa sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ya shigo. Ka ga an yi masa katanga gaba da baya tun ba a kai ga karanta sunan sarki ba. In aka ga harafin A da hoton ɗan itacen fayin, yadin daga Augsburg ta Jamus ya taso, don wannan ce alamar garin. Abin da ya fi burge ni shi ne cikin faifan. Dalma taushi gare ta, saboda haka da aka matse ta a kan yadin sai sawun saƙar ya zauna a jikinta. Yadin ya ruɓe tun kakannin kakanninmu ba su zo duniya ba, amma ana iya ƙirga zarensa a gane mai kauri ne ko mai laushi. Wani masani mai suna Geoff Egan, wanda ya rasu a 2010, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan waɗannan 'yan faifai, ya jera su gari-gari, sarki-sarki, har yau kuma littafinsa ake buɗewa. In kana tambayar me ya kai su kogi, ai marina a bakin ruwa suke, can ake jujjuya yadi, can hatimai ke zubewa.

Na Rasha ba su ma wahalar da kowa. Hatiman da ke zuwa a jikin dammunan tsiron lilin a ƙarni na 18 da na 19 suna ɗauke da haruffan Rashanci, da na sunan mai duba kaya, da shekara. Na Fafaroma ma haka: gefe ɗaya fuskokin Bitrus da Bulus, ɗaya gefen sunan wanda ke kan kujera. In ka karanta Innocent na 4, to tsakanin 1243 da 1254 ne. A nan musu sai dai da allon tarihi.

"To wannan mai rubutu ke nan," in ji Malam, yana gyara hula. "Wanda ba ko ɗigo a jikinsa fa?"

Madalla, yanzu ka yi tambayar manya. Ɗauki harsashin bindigar da, ɗan mulmulallen nan. Ana duba layin da ya zagaye shi inda ɓari biyu na mazubin suka haɗu, da ɗan tabon da aka yanke wutsiyar zubi. Sannan a auna. Bindigar sojan Ingila da ake kira Brown Bess tana cin harsashi mai kaurin kimanin milimita 17 da rabi, ta Faransa kuwa nata bai kai haka ba. Ko ya bugi dutse ya baje, ba a rasa shi ba: nauyin dalma sananne ne, daga sikeli sai a lissafo kaurinsa na asali. Daniel Sivilich ya fitar da wannan lissafi yana aiki a filin yaƙin Monmouth na 1778 a Amurka, ta haka ake ware harbin wannan ɓangare da na wancan. Daga tsakiyar ƙarni na 19 sojoji suka koma harsashi mai tsini, nan ma an sami wata katangar.

Masanan nan har kansu suke ƙaryatawa, abin da ku ba ku cika yi ba. An daɗe ana cewa harsasan da aka samu da sawun haƙora, sojoji ne suka cije su don azaba lokacin da ake yanke musu ƙafa ba allurar barci. Labari mai sa hawaye. Da aka gwada sawun da kyau, sai ga shi da yawansu aladu ne suka tono suka tauna.

Amma wanda nake so ku ji da kunne biyu shi ne na Bosworth. A can aka kashe Sarki Richard na 3 ranar 22 ga Agusta, 1485, sarautar Ingila ta koma gidan Tudor. A 1974 aka buɗe wurin baƙi a kan tudun Ambion, aka yi ta kwaso 'yan makaranta ana nuna musu, nan aka gwabza, can sarki ya faɗi. Fiye da shekara 30 ana haka. Daga 2005 wata tawaga ƙarƙashin Glenn Foard ta shiga bin gonakin yankin da na'urar gano ƙarfe, layi-layi. Sai a 2009 suka fara cin karo da dunƙulen dalma, har suka tara fiye da 30, ƙanana da manya, na bindigogi da igwa, a wani fili mai nisan kusan kilomita 3 daga tudun. Wasu a cikinsu akwai curin baƙin ƙarfe ko tsakuwa da aka lulluɓe da dalma.

Ta yaya aka san ba na wani yaƙin ba ne? Irin wannan harsashi mai ciki an same shi a jirgin ruwan Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, wato an san zamanin da ake yinsa, an kuma san daga baya aka bar shi. A filin ne kuma aka tsinci wata 'yar alama ta azurfa mai ruwan zinariya, siffar aladen daji, tambarin Richard ɗin kansa. Da takardun da suka ambaci fadama a wurin yaƙin, da binciken ƙasa da ya nuna tsohuwar fadama a nan ɗin, sai shaidu suka hau kan juna. Zinariyar ta zo ne daga baya ta sa hannu. Dalmar da kuke rainawa ita ta ɗauke filin yaƙi sukutum daga kan tudu ta mayar da shi inda yake.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. "In wani ɗan damfara ya narka dalma jiya da daddare, ya buga mata tambari, ya binne fa?" Dalma na narkewa a zafin digiri 327, ko a murhun gawayi sai a yi, don haka tambayarki ba ta banza ba ce. A nan ne na'ura ke da ta cewa. Sabuwar dalma da aka tace daga dutse tana ɗauke da wani nau'i mai fitar da tururin nukiliya, ana ce masa dalma 210. Duk shekara 22 da 'yan watanni rabinsa ke mutuwa. Bayan shekara 220, abin da ya rage kusan kashi 1 cikin 1,000 ne kawai. In an auna aka ji shi da ƙarfinsa, kayan sabo ne, magana ta ƙare.

Kada ku ce wannan ma faɗa ce kawai. A 1988 aka gano wani jirgin Rumawa da ya nutse kusa da tsibirin Sardiniya a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, shaƙe da tubalan dalma, kowane kusan kilo 33, da sunayen masu su a jiki. Gwajin nau'o'in ƙwayar dalmar ya nuna daga ma'adinan Kartahena ta Sifen aka haƙo ta. Masana kimiyya da ke aiki a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso a Italiya suka nemi a ba su wani kaso, aka yanke wurin rubutun aka adana, sauran suka narka suka yi wa na'urorinsu garkuwa, domin tsohuwar dalma ta yi shiru, sabuwa kuwa surutunta yana ɓata musu awo. Mutumin da bai yarda da tsufan abu ba ba zai ɗora masa bincikensa na miliyoyi ba.

Wayayyen ɗan damfara fa zai nemi tsohon bututun dalma ya narka, gwajin ya wuce shi. Gaskiya ne. Sai dai hannunsa da bakinsa na zamaninsa ne. A Giranada ta Andalus, daga 1595, aka fara tono wasu littattafai na faifan dalma da rubutun Larabci, wai almajiran farko na Kiristanci ne suka rubuta su a ƙarni na 1. Gari ya ɗauka, aka gina wurin ibada a tudun. Amma tun a lokacin masu ido suka lura cewa wata takardar fata da aka tsinta a 1588, wadda ta share wa littattafan hanya, tana da Sifaniyanci irin na kasuwar ranar, harshen da ko haifarsa ba a yi ba a ƙarni na 1. Fadar Fafaroma ta yanke hukunci a 1682 cewa jabu ne, ba ta mayar da su Giranada ba sai a 2000. Yawancin masana na ganin jikokin Musulmin Andalus ne da aka tilasta wa barin addininsu suka ƙirƙira su don neman sassauci, bai kuma hana a kore su daga 1609 ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da na dalma ne. Ku lura, 'yan uwanku masu musu ne suka kama ta, sai dai su sun yi karatu kafin su yi musun.

Akwai inda masanan ke saukar da murya, ku ma ku sami na kai wa majalisa. Farin ɓawon da dalma ke yi a ƙasa ba agogo ba ne: ƙasa mai alli dabam, mai tsami dabam, taɓon Tems kuwa da iska ba ta shiga yakan fito da hatimi baƙi sumul kamar jiya aka buga shi. 'Yan kwabban dalma da manoma ke zubawa da kansu, masu hoton fure ko gicciye, sau da yawa sai dai a rubuta "tsakanin 1500 da 1850". Dunƙulen da ake sa wa mazari don ya yi nauyi ya fi su taurin kai, siffarsa ta daɗe ba ta sauya ba tun zamanin Rumawa. Mai shaci-faɗi shekara ɗaya tak zai ba ka, har da wata. Wanda ya ba ka tazarar shekara 350 ya gaya maka iyakar shaidarsa ne, ni kuwa shi na fi yarda da shi.

Shi ya sa wurin tsintuwa ya fi tsintuwar daraja. Harsasan Bosworth da wani ya kwashe su ya zuba a gwangwani, da sun zama tarkacen ɗaure wa koma. A Ingila da Wales tun 1997 akwai shirin da mai tsintuwa ke kai abinsa a auna, a ɗauki hoto, a rubuta daidai inda ya fito, a mayar masa. Gidan Tarihin Birtaniya ke jagorantar na Ingila, abubuwan da aka rubuta sun haura miliyan 1 da rabi, kowa kuma na iya dubawa ya kwatanta. Gaɓar Tems ma ba a tone ta sai da izinin hukumar tashar ruwan Landan.

Saura kai, Malam, da na san gwajinka ɗaya ne a duniya, ka kai abu baki ka gartsa ka ji ko na gaske ne. Wannan kam ban da shi. Dalma guba ce, ba ta kuma tsufa da gubarta. A 2010 ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Zamfara. Ka yi musunka da baki har gobe, muna maraba, amma in tsohuwar dalma ta shigo hannunka, kada ka kankare ta, kada ka ba yaro ya yi wasa da ita, ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa a tuwo.