Ranar Da Aka Saka Mai Kalangu A Keji

Ƙanin matata yana da lasifika huɗu, da miksa, da janareta mai tari, kuma da su yake cin abinci a bukukuwan Rano da Kibiya. Kukansa ɗaya ne: duk inda aka haɗa shi da masu kalangu, muryar mawaƙi ɓacewa take yi. Makirfo ba ya tantance murya da ganga, duk abin da ya matso kusa sai ya kwashe. In ya ƙara murya kiɗan ma ya ƙaru, in ya matsa lasifika ta ɗau kuwwa, tsofaffi su toshe kunne suna tsine wa zamani.

Sai ya ga magani a YouTube: mai gangunan Turawa zaune cikin wani shinge garai-garai. Abin kuwa ba ƙarya ba ne. Ana yin sa da roba mai ƙarfi irin wadda kamfanin Röhm da Haas na Jamus ya fitar a 1933 da sunan Plexiglas. Yawanci falle biyar ake haɗawa, kowanne faɗin ƙafa 2, tsawo ƙafa 5 ko fiye, kauri wajen milimita 6. Gangunan bandi da faya-fayan tagullarsu suna iya wuce desibel 110, alhali masana lafiyar kunne daga 85 suke fara gargaɗi, shi ya sa manyan coci-coci da ɗakunan kiɗa suke killace mai ganga.

Abin da surukin nawa bai tsaya ya ji ba shi ne, shingen ba ya shanye sauti, mayar da shi kawai yake yi. Sai an jera soso a baya ya tsotse amon, an kafa wa gangunan nasu makirfon, an saka wa makaɗi abin ji a kunne. Uwa uba, makaɗin nan na bidiyo a zaune yake, ba ya zuwa ko'ina.

Surukin nawa ya shiga Kano wajen masu tagogin alminiyam. Da ya ji kuɗin mai milimita 6 sai ya ce ai roba roba ce, a yanko masa mai 3. Aka ɗaure kayan a saman mota, aka biyo ta Bunkure da Rano, ni kuma aka ba ni bakin igiya ta taga na riƙe har Fassi, inda ake bikin ɗan wani babban manomi, ana tsakiyar hunturu.

Tsohon mai kalangun bikin ya zagaya shingen, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki.

"Ɗan nan, laifin me na yi?"

"Baba, ai haka ake yi a Amurka."

"To, a Amurkar ta ina ake liƙi?"

Sai da uban ango ya sa baki sannan Baba ya shiga, shi da yaransa biyu, gwiwar hannun kowa a haƙarƙarin ɗan'uwansa. Kalangu kuwa da hammata ake matsa shi, yana son fili. Tun asali kiɗan mahauta ne, na kasuwa da dandali, kuma da shi Mamman Shata ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999 ba tare da an killace masa kowa ba. Mai kalangu bin mai kuɗi yake yi, ya kai masa takensa har kunne, sai hannu ya shiga aljihu.

Aka fara. Kiɗan ya daki roba ya dawo musu, ya fita ta baya ya daki katangar gidan, ya sake dawowa fili a makare. Ba sa jin mawaƙi, mawaƙi ba ya gane su. Ya kama wasa uban amarya, ganga tana can tana kiran sarkin fawa, har sarkin fawan ya miƙe yana gyara riga.

Mata suka taso liƙi, suka tarar da goshin Baba a bayan shinge. Wata ta manna naira ashirin ta leda a jikin robar, ta kuwa zauna, domin irin robar nan tana riƙe abu marar nauyi in iska ta bushe. Sai kowa ya bi. Kuɗin su ɗan tsaya daidai idon Baba, su sulale ƙasa ta waje, yara su kwashe. Yana kallo, yana kiɗa, yana zagi, ba mai jin zagin. A nan kam shingen ya yi aikinsa.

Iskar hunturu ce ta raba gardama. Robar ta lanƙwashe, ta yi ruku'u, ta kife a kan farantan alkaki. Baba ya tsallako bai ko saki kiɗa ba, wuri ya ɗauki guɗa.

A ganina, wanda yake da zauren taro da gangunan zaune ya sayi mai kauri, da soso, da abin ji. Mai aikin fili kuma ya matsar da makaɗa gefe, ya ba mawaƙi makirfo mai ɗauka ta gaba kawai ya riƙe dab da baki, ya jera lasifiku a gaban makirfon. Wannan ba ya cin ko sisi.

Fallayen uku da suka tsira, wani mai tsire a Rano ya saye su a rabin kuɗi yana tare ƙura da ƙuda. Baba kuma har yau yana bin surukina kuɗin da yara suka kwashe.