Kafin Ka Sayi Inbata, Ka Sasanta da Dutsen Guga

Maigida, idan kana neman abin da zai riƙe maka gida in an ɗauke wuta, kuma aljihun ba nauyi, ɗauki takarda da biro kafin ka nufi kasuwa. Bi ɗaki-ɗaki ka yi wa kayan wutarka ƙidaya, ka rubuta wat nawa kowanne ke sha. Ƙwan fitila na LED bai wuce wat 10 ba, fankar sama kamar 70, talabijin ta zamani kamar 60. Ƙwai huɗu, fanka biyu, talabijin da cajin wayoyi ba su kai wat 300 ba. Sai ka iso wurin dutsen guga, wanda shi kaɗai yake lashe wat 1,000 ko fiye, da ƙanwarsa hita mai dafa ruwa. Waɗannan biyun ka zaunar da su, ka ba su haƙuri, ka ce su jira NEPA. Dutsen gawayi yana nan, kuma har yau yana fitar da karin babbar riga.

Dalili kuwa lissafi ne. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma irin mai ruwa ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ana so ya yi ƙarko. Rabin nan zai riƙe fanka, fitilu, talabijin da cajin wayoyi wajen awa huɗu, dutsen guga kuwa cikin awa guda zai sallame shi. Batir kamar randa yake, wanda ya kwashe ruwan yana wanke mota, kada ya yi kukan ƙishirwa da dare.

Wani zai ce ɗan ƙaramin janareta mai shan fetur da baƙin mai ya fi araha. Ranar saye kam haka ne. To amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, man ya yi tsada, kuma kullum sai ya aike ka gidan mai da jarka, ga ƙara mai hana maƙwabta barci, ga hayaƙin da ke kashe mutane idan aka kunna shi a rufaffen wuri. Wani kuma zai ce batir mutuwa yake yi. Yana mutuwa, amma mafi yawanci hannun masu gida ne ajalinsa. Ka riƙa duba ruwansa, ka ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya, ka ajiye shi inda iska ke shiga.

In kuɗin ya kai, ƙara farantin sola ko da ɗaya ne, don wutar da ba ta zo ba ba za ta caja komai ba. Da hunturu ka riƙa goge masa ƙura. Wayoyin kuma a kira ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa, ya ware layin guga da hita daban, saboda ranar da za ka yi tafiya ka bar yara da uniform ɗin Litinin.