Ni da Kilina

Tun ina aji huɗu a firamare ake ce mini mai zane. Abin da nake yi kuwa bai wuce kwafa ba. A kawo hoton amarya ko na wani alhaji, in ɗauki rula in raba shi gida-gida, in raba takardata haka nan, sannan in bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ina kwashewa. Layin da ya karkace, kilina ta cinye shi. In na gama sai a taru a kaina ana cewa, "Wallahi kamar hoto!" Wannan yabon shi ya raine ni, shi kuma ya sangarta ni.

Da shi a kaina na isa wata makarantar zane a Ingila, inda ɗalibi kan yi shekara guda ta share fage kafin ya shiga digiri. Na tafi da jerin fensirori, daga 2H mai tauri zuwa 6B mai laushi, da kilina uku, saboda tsaro. Ranar farko malamarmu ta ce kowa ya mayar da kayansa jaka. Ta miƙa wa kowa doguwar sanda, an ɗaure guntun gawayi a bakinta da salatif, ta shimfiɗa takarda a ƙasa ta ce bismillah. Na tsaya riƙe da sandar kamar mai shirin kaɗo mangwaro, ina lissafin kuɗin jirgin da aka biya don in zo in yi wasa da gawayi. Abin da na zana ranar, da na gama na ninke shi huɗu na tura bayan kwandon shara.

Inda asirina ya tonu shi ne zanen makanta. Za ka kafa ido a fuskar abokin zamanka, idon ya riƙa rarrafe a gefen fuskar kamar tururuwa, hannu na biye da shi, ba duba takarda, ba ɗaga fensir. Tsohon darasi ne, yana cikin littafin Kimon Nicolaïdes da ya fito a 1941. Ni dai leƙe nake yi. In yi tarin ƙarya in sunkuyar da kai, in sosa gira, in gyara zaman kujera, kowanne da nasa satar kallon, tamkar yaron da ke azumi ya je alwala yana kurkure baki sau bakwai. Da aka jera zanen a bango, na kowa ido ya hau kunne, baki ya sauko haɓa. Nawa kaɗai ne mutum. Malama ta tsaya a gabansa.

"Ka leƙa," in ji ta.

"Malama, ta yaya kika sani?"

"Hancin yana inda ya kamata."

Ta nuna wani layi wajen kunne, mai rawa, mai ɗan kauri a farko da siranta a ƙarshe, ta ce nan kaɗai na kalli yaron. Sauran duk takardata nake kallo. Abin haushi, gaskiya ta faɗa: nan ne tarin bai zo mini ba.

Sai darasin zane da hannun hagu, hannun da na sha duka a kansa ina ƙarami in na kai shi kwano. Malama na juya baya sai in mayar da fensir dama, in riƙa karkarwa da gangan don layin ya yi kama da na hagu. Wato mai kwafar hoton amarya ya koma kwafar rashin iyawa. Na kuwa iya.

Ta ba mu tarihin wannan karatu na share fage. Daga makarantar Bauhaus ya samo tushe, wadda aka buɗe a Weimar ta Jamus a 1919, inda Johannes Itten kan fara darasi da numfashi da motsa jiki, Josef Albers kuma daga baya ya sa ɗalibai su gina abu da takarda zalla. Manufar a raba hannu da abin da ya saba. Na rubuta wannan da kyakkyawan rubutu, na ja masa layi da rula.

Rana ɗaya tak na ji ni a gida. Aka ce kowa ya yi zanen awa huɗu, sannan ya miƙa wa na kusa da shi ya goge, kamar yadda Robert Rauschenberg ya roƙi Willem de Kooning zane a 1953, ya yi makonni yana gogewa, farar takardar kuma yau tana ajiye a gidan adana zane a San Francisco. Abin nema ya samu. Na share zanen maƙwabciyata fes, har da hure ƙura. Nawa kuwa sai da na ɗauke shi a waya sau uku, sannan na raɗa mata ta taimaka ta bar mini idon hagu, don ya fita sosai. Da shi ta fara. Kwana biyu ban gaishe ta ba.

A nunin ƙarshen shekara, Malama ba ta zaɓi ko ɗaya daga zane-zanen da nake alfahari da su ba. Wancan na sandar ta ciro, ashe ta tsince shi tun ranar, ta miƙar da ninkin ta adana. Daren da za a buɗe nunin na koma ɗakin ni kaɗai, da kilina a aljihu, don akwai wani layi a kafaɗa da ya hana ni barci. Ashe ta riga ta fesa masa ruwan da ke kama gawayi a jikin takarda. Na goga sau uku, layin bai motsa ba, sai wani tabo mai maiƙo da na bari a gefensa. Haka aka rataye shi, da sunana a ƙasa.