Kai Babu Komai, Ciki Ba Ya Ƙoshi

Alkawari na yi wa Kawu cewa bana ya gama tashin asuba don kunna injin ban-ruwa a fadamarsa ta Cheberu. Na sauko daga motar Birnin Kebbi da allon Arduino Uno a aljihu, na nuna masa baƙar ƙwayar da ke jikinsa, ATmega328P, mai ƙafafu 28, na ce ita ce ƙwaƙwalwar.

"To, mi ta sani?" in ji shi.

"Tukuna, Kawu, ban rubuta mata komai ba."

Batir ne babu. Kawu kuwa shi ne sanƙiran unguwa, makirfonsa marar waya na ɗauke da batir mai bolt 9. Bayan isha'i na zare shi na jona, 'yar koriyar fitila ta kama, yara suka yi ta tsalle. Na bar abin a jone na kwanta, domin wanda ba a ba aiki ba, da wane baki zai ci wuta? Da sassafe na mayar da batir mazauninsa.

Da hantsi aka taru ɗaurin aure, har da baƙi daga Kalgo da Gwandu. Kawu ya gyara babbar riga, ya buɗe murya: "Sadaki naira dubu..." Ɗif! Dangin ango suka ce ɗari suka ji, dangin amarya suka rantse ɗari biyu ne.

Bayan ƙura ta lafa na kare kaina a gindin darbejiya. Na ce ƙwayar nan ba ta san zama ba: a kan allon, agogonta na bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, ko da ba ta da abin yi. Ga fitila, ga ƙwayar USB, ga mai rage ƙarfin wuta, kowa da rabonsa, sun haɗu wajen miliamfa 50. Ƙaramin batir irin wannan, kwana guda ya ishe su. Da na rubuta mata umarnin barci, ita kaɗai ko mikro'amfa ɗaya ba za ta ci ba.

Kawu ya daɗe yana kallona.

"Wato ba ta aiki, amma tana ci?"

"Haka ne, Kawu."

"Ashe 'yar'uwarka ce ka kawo muna. Amma ka fi ta, ɗana, don kai barcin ba wanda ya koya maka."