Mas'alar Ƙafa Uku

Malaman ɗaukar hoto, Allah Ya ƙara musu basira, sun yi ittifaƙi a kan cewa matafiyi ba ya wadatuwa daga mazaunin kyamara mai ƙafa uku, amma da aka zo kan wanda ya kamata a saya, sai saɓani ya auku har aka rabu mazhabobi. Domin kuwa sharuɗɗan da mai saye yake nema su ne rashin nauyi, da tsayuwa daram, da araha, alhali maƙeran ba su taɓa yarda su tara su a jiki guda ba.

Na alminiyam yana da rangwame, sai dai kafaɗa ce take biyan ragowar bashin a hanya. Na zaren kabon kuwa, wanda kamfanin Gitzo ya fara fitarwa a 1994, galibi na tafiya ba ya wuce kilo ɗaya da rabi, yana naɗewa ya shige jaka, amma farashinsa kan sa mutum ya yi salati.

Abin ta'ajibi shi ne, bayan bawan Allah ya zuba dukiyarsa domin a rage masa rabin kilo, da zarar iska ta taso, siraran ƙafafun nan suka kama makyarkyata, sai masana su ba shi fatawar ya rataya jakarsa a ƙugiyar da ke ƙarƙashin sandar tsakiya, in ba ta isa ba ya ƙara da duwatsu. Waɗansu 'yan kasuwa ma har jakar zuba duwatsun suke sayarwa, da kuɗinta daban.