Ga Shi Nan, Alhaji, Ka Sa Shi a Hanya

A ƙasar Hausa ba a turo maka matashi da takarda ko yarjejeniya. Waya ce za ta shigo bayan sallar isha'i daga yayanka na ƙauye. A gaisa, a tambayi iyali, a jajanta tsadar taki, sai can ƙarshe ka ji: "Af, Alhaji, yaron nan naka ya gama sakandare, gobe zai shigo ka sa shi a hanya." Kafin ka ce uffan kati ya ƙare.

Washegari da la'asar ga shi a ƙofar gida da jakar bakko, da ƙullin kuka da daddawa, da zakara ɗaya ɗaure da ƙafa, tsarabar Hajiya. Zakaran nan shi ne kuɗin haya da na abinci da na wuta na duk shekarun da ke tafe, kuma a daren za a yanka shi, yaron ya ci cinya.

Kada a ce na raina riƙo. Da yawa daga cikin masu faɗa a ji a Kantin Kwari da Singa da Dawanau a gindin wani suka tashi, suna sauke dila suna shara, har ranar da ubangida ya yaye su ya danƙa musu jari. Amma can akwai shago, akwai ciniki, akwai abin koyo. Alhajinmu na yau ma'aikacin ofis ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 motarsa ranar Juma'a kawai take ganin titi. Hanyar da ya sani guda ce, daga gida zuwa sakatariya, ita ma a Adaidaita Sahu yake bin ta.

Makon farko yaro waliyyi ne. Kafin ladan ya yi kiran farko ya share tsakar gida, ya wanke motar da ba ta zuwa ko'ina, ya durƙusa har ƙasa: "Baffa ina kwana, Anti an tashi lafiya?" Hajiya ta dubi 'ya'yanta da ke miƙe a kujera ta ce, "Ku ga yadda ake tarbiyya." To daga nan aka shiga uku, domin gida ya ɗanɗana daɗinsa. Shi ne kai markaɗe, shi ne cefane a 'Yankaba, shi ne sayo gas, shi ne jan igiyar janareta, shi ne zuwa wurin mai POS. Abin da gidan yake yi da kansa shekara goma sha biyar, yanzu in yaro ba ya nan sai a zauna da yunwa ana jiransa.

Sai wata rana Allah ya kawo dama. Wani abokin Alhaji yana neman yaro mai hankali ya koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre. Alhaji ya shigo da murnarsa. Hajiya ta ajiye ludayi ta ce, "Madalla. To wa zai ɗauko su Ummi daga Islamiyya?" Alhaji ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya ne kuma. A bari sai bayan Sallah." Allah cikin ikonsa ya ba mu Sallah biyu a shekara, saboda haka kullum akwai wadda ake jira ta wuce.

Shi ma yaron ba wawa ba ne, yana koyon abubuwa, sai dai ba waɗanda aka turo shi koya ba. Ya san kular da ake ɓoye nama. Ya san inda caji ya fi kamawa in an kawo wuta. Ɗakin zaure ya zama majalisa, samarin layi su taru ana gardamar Arsenal da Man United har sha biyun dare, da shayin da aka haɗa da sukarin Hajiya. Gaisuwar durƙuso ta koma ɗaga hannu daga kan katifa. In Alhaji ya yi ƙarfin hali ya tambaya, "Ya maganar aiki?" amsa a shirye take: "Wallahi Baffa ana ta fafutuka, shafin ne ba su buɗe ba tukuna."

A ce ma an yi sa'a ya ci JAMB, ya yi digiri, duk daga wannan ɗaki. Nan gwamnati take kawo mana agaji ba mu gane ba. Tun 1973 Janar Gowon ya kafa hidimar ƙasa don matashi ya bar jiharsu, ya zauna da wasu mutane, ya dafa abincinsa, ya wanke kayansa. Shekara guda tak da ƙasa ta ɗauki nauyin yaye mana ɗa. Amma ranar da takarda ta fito aka ga Ebonyi, gida sai ya koma kamar an yi rasuwa. Alhajin da ya shekara shida yana ƙorafi a uwar ɗaka, shi ne zai sa babbar riga ya shiga gari neman wanda ya san wani. Yaron da yake buga ƙwallo kullum yamma sai ga shi da takardar asibiti, asma ta kama shi. Mako uku a sansani, ya dawo ɗakinsa, ya ƙara da kaki da farin takalmi.

Alawus ɗin masu hidima ya kai naira 77,000 a 2025, ya ma haura mafi ƙarancin albashi na 70,000. Kada ka sa ran ganin mudun shinkafa. Sabuwar waya za ka gani da shadda mai maiƙo. In kuwa tsautsayi ya sa ya shigo da burodi guda, Alhaji ne da kansa zai hana: "Haba, wace irin ɗawainiya ce wannan? Riƙe kuɗinka, kai da kake tasowa." Da dare kuma ya ce wa Hajiya, "Kin ga yaron nan ko ashana bai taɓa sayowa ba."

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, malamai kuma sun karantar da mu cewa haƙƙin liyafa kwana uku ne, abin da ya ƙaru sadaka. Sai dai ɗan ɗan'uwa ba ya cikin lissafin baƙi, kuma kunya ta haramta tambayar "yaushe za ka tafi?" Saura hannunka-mai-sanda. Alhaji ya zauna cin tuwo ya kawo labarin yadda yana ɗan shekara ashirin ya kama hayar ɗakinsa. Yaro ya girgiza kai cike da tausayi: "Allah sarki Baffa, kun sha wahala." Ya miƙa hannu ya ƙara miya. In kuwa aka kuskura aka fito fili aka yi magana, kafin magariba labari ya isa ƙauye, Alhaji ya kori jininsa, matar nan ta mallake shi. Hajiyar da ta shekara takwas tana ƙara mudu a tukunya, ita ce muguwar.

A wurin maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari, tun ranar farko ake zama da iyayen yaro a yanke shekarun da zai yi, in sun cika a sallame shi da jari ya buɗe nasa shagon. Mu kuwa sai mu taɓe baki mu ce mutanen nan ba su da kara, komai sai an yi lissafi.

Daga ƙarshe dangi za su yi taro su gano bakin zaren: a yi masa aure ya natsu. Sadaki na Alhaji, lefe na Alhaji, tunda shi ne uba. Saura wurin tarewa, haya kuma ta yi tsada a Kano. Sai a kira magini ya fasa wa ɗakin zauren ƙofa ta waje, a ja ɗan langalanga a yi kicin, a shafa fenti, su ɗan zauna kafin su sami wuri. Amarya za ta tare ranar Lahadi, da ƙanwarta 'yar zaman ɗaki, wadda aka tabbatar wa Hajiya mako ɗaya kacal za ta yi.