Rabe-raben Masu Gasa Kek ɗin Yara a Gida

Kek mai siffa, wato wanda ake yankawa a harhaɗa har ya yi kama da mota ko gimbiyar katun domin bikin zagayowar ranar haihuwar yaro, ya daɗe yana gwada haƙurin iyaye, domin tun a 1980 mujallar Australian Women's Weekly ta fitar da littafin irin wannan kek, mai hoton jirgin ƙasa a bangonsa, a ciki kuma har da agwagwar da aka yi wa baki da soyayyen dankali. Yanzu da wayar hannu ta kai irin waɗannan hotuna madafan Kano da Kaduna da Maraɗi, masu aikin sun kasu gida-gida, kowane rukuni da alamar da ake gane shi.

Rukuni mafi yawan jama'a shi ne na mai imani da hoto, wadda ta ga Spider-Man a Instagram ta ce abin da hannu ya yi hannu zai yi, ba tare da ta lura cewa mai hoton a ɗaki mai na'urar sanyaya iska take aiki ba. Makaminta fondan ne, wato kwaɓin garin sukari da jelatin da gilisarin da ake murzawa ya yi faɗi a lulluɓe kek da shi, wanda da damina yake zuƙar laima ya yi ta gumi, da hunturu kuma ya bushe ya tsattsage. Jan launi da jarumin yake bukata ba ya samuwa cikin sauƙi, saboda farin sukari yana mayar da shi ruwan hoda, sai ta yi ta ƙara kala har abin ya fara ɗaci. Idan ta yi fushi ta koma ga aisin na bota, wato bota da sukarin da ake bugawa su yi laushi, sai ta tarar bota tana narkewa tun zafi bai kai digiri 35 ba, alhali zafin Afrilu a Kano yakan haura 40, don haka kafin la'asar idon jarumin ɗaya ya gangaro kusa da haɓa, baƙi kuma suna tambaya cikin ladabi ko tumatir aka nufa.

Mai awo da ido kuwa ta raina sikeli, domin da gwangwanin madara ta shekara tana yin cincin ba a taɓa kushe ta ba. Ra'ayinta game da bekin foda, garin tayar da kwaɓi da Alfred Bird na Birmingham ya haɗa a 1843 saboda matarsa ba ta jure yis, shi ne cewa idan cokali ɗaya yana tayarwa, uku za su fi, sai kek ɗin ya kumbura ya tumbatsa sannan ya zube, ita kuma ta ɗora laifin a kan fulawar zamani.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce mai leƙe, musamman idan an ɗauke wuta ta koma ga tukunyar yashi, dabarar da ake zuba yashi a gindin babbar tukunya a ɗora gwangwanin kek a kai a rufe, domin yashin ya rarraba zafi. Kek yana son zafi tsayayye na kusan digiri 180, amma zuciyarta ba ta yarda da abin da ido bai gani ba, sai ta yi ta ɗaga murfi tun kwaɓin bai kama jikinsa ba, zafi ya tsere, tsakiya ta lotsa. A nan ne basirarta take bayyana, domin takan cika ramin da alewa ta sanar cewa dama tafkin wanka aka shirya yi.

Akwai kuma uba injiniya, wanda bai san inda ake ajiye fulawa ba, amma da ya ji an ambaci mota sai ya fito da tsinken tsire da biskit na taya, ya yi dogon bayani a kan daidaiton nauyi, ya tafi masallaci kafin a fara wanke-wanke. Kusa da shi a sauƙin aiki akwai gwaggo mai sharhi, wadda ke tunatar da kowa cewa wannan baƙuwar al'ada ce, su a zamaninsu daga ranar suna babu wanda ya sake lissafa musu shekara, tana faɗa tana naɗe yanka biyu a leda.

Mai bikin, wanda aka yi duk wannan da sunansa, shi ne ba a cika bincikar ra'ayinsa ba, ko da yake binciken ma ba ya da amfani sosai, tunda wanda ya kwana yana son Spider-Man yakan tashi da son jirgin sama. Yakan ɓare fondan ɗin da aka raba dare ana murzawa ya ajiye a gefen faranti, ya cinye tayoyin biskit, sannan ya fashe da kuka a daidai lokacin da wuƙa ta nufi wuyan jarumin, abin da ke tilasta wa manya su fara yanka daga ƙafafu, su bar kan a firij har sai ya bushe.